Tarin Sha'aibu Mai Igiya

Ku da kuke zuwa tsakar gidana da wayoyinku kuna cewa in koya muku ƙagen labari, ku gyara zama. Ni ban taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, ban san riƙon bik na rubutu ba. Wannan ma da kuke karantawa, faɗa na yi aka rubuta, kuma sai da na sa aka karanta mini shi daga farko har ƙarshe don kada a zuba mini gishirin da ban sa ba. Amma tun kaina yana baƙi nake ƙirƙiro mutanen da ba uwar da ta haife su, in yi musu aure, in haɗa su faɗa, in raba, mutanen Dakoro da ƙauyukanta suna kasa kunne a radiyo. Da wannan sana'a na ci, da ita na yi sutura, da ita na aurar da ɗiyana.

Rannan wata a cikinku, mai jan kallabi, ta ce mini, "Inna Delu, ai abin ba wuya, zama ne kawai a yi ta shara ƙarya." Na ji ki, ɗiyata. Ƙarya kowa ya iya ta, yaron da ya shanye nonon da aka ajiye ma ya iya. Ƙaryar da za ta sa mace ta manta da tuwo har ya kama a tukunya, ita ce aiki.

Aikina na farko a wannan sana'a ɗiban ruwa ne. An kai ni riƙo Birnin Lalle wurin ƙanwar mahaifina, Gwaggo Yalwa, mai sayar da fura, wadda in ta fara ba da labari a gindin turmi har maza ke laɓewa a bayan darni. Ta aike ni rijiya. Na dawo na sauke tulu, ta ce, "Wa kinka gani?"

Na ce matar maƙeri.

"Da wane hannu ta jawo guga?"

Na ce ban lura ba.

"Da ta gai da uwar mijinta, ina ta duba, fuska ko ƙasa?"

Na ce wannan ma ban gani ba.

Ta ce, "To ba ki tahi rijiya ba, ƙafafunki sunka tahi. Koma."

Na juye ruwan a randa na koma. Haka muka yi ta yi har ya zama in na wuce mutum sau ɗaya, na san ƙafar da ke masa ciwo, na san wanda yake gudun haɗuwa da shi a kasuwa. Ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga yadda ake labari ba. Doka ɗaya ta ba ni, ita ma tana cikin dama fura ta faɗe ta: "Mutum guda, abu guda. Ki ɗauki tahiyar wanga, dariyar wancan, hular wani, ki haɗa naki. In kin ɗauki abu biyu ga mutum guda, kin sato shi ke nan, danginsa za su biyo sawu."

Kayan aikina suna cikin ƙwaryar nan da kuke gani a rataye. Faifai ne guda da tarkace: ƙwallon dabino, wuri, tsakuwa, ɓallen tsohuwar riga, guntun kasko. Kowane mutumin labari yana da nasa. In zan fara, sai in shimfiɗa faifai in jera su, wanda ke son wani in matsar da shi kusa, wanda ke ƙin wani in juya masa baya. Ku kuna da kaye na rubutu, kuna da waya mai riƙe muku komai, ni wannan ne littafina. Amfaninsa ɗaya ne da ba ku da shi: in wani ya daɗe a gefen faifai ban taɓa shi ba, ido na gani. Sai in tambaye shi, kai me kake yi a nan? In ba shi da amsa, in mai da shi ƙwarya. Na ji labaranku da ake karanta mini, mutane cike kamar motar kasuwa, rabinsu ba inda za su.

Gwaji kuma a bakin turmi nake yinsa, har yau. Kafin in kai labari radiyo, sai in shiga gidan da ake daka in zauna in fara. Ba na duban fuskarsu, mata sun iya yi wa tsohuwa kara. Taɓarya nake saurare. In tana tafiya daidai, labarin bai kama ba. In ta fara tsallake bugu, mun kusa. Ran da taɓarya ta tsaya a sama, mai daka ta ce "sai aka yi yaya?", na san gobe zan shiga gaban mikoro a gidan radiyo.

Ranar da na fara shiga ɗakin radiyon garinmu, mai kula da na'ura ya ce in daina wurga hannu, ba mai ganina. Na ce masa ni ina ganinsu. Kuma ina ganinsu ɗin: makiyayi da radiyonsa a jakar fata rataye a kafaɗa, tela da ya tsai da keke, direban da ke sa kaset ɗina tun daga tasha har Maraɗi, fasinja na roƙon ya juya. Daga baya kaset ya mutu, aka koma zuba ni a waya, ana aika wa 'yan ci-rani. Masu sauraro iri-iri ne. Akwai mai tare ni a hanya ta ce in ba ta sunan bokan da ya yi wa wance magani, in ce mata ni na ƙaga shi, ta ce to ko unguwarsu ce in kwatanta mata. Akwai wanda ya aiko da kaza a ba wani maraya na cikin labari. Na ci kazar, na sa marayan ya yi ƙiba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi yana bunƙasa kai, ita ce shekarar Alhaji Ƙanƙamo. Gonaki suka bushe a tsaye, dabbobi suka faɗi a kasuwa, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa. Pil, batirin radiyo, ma ya gagari mutane, sai unguwa guda ta taru kan radiyo ɗaya bayan la'asar. Na duba na ga wanda ke jin yunwa ba ya son labarin yunwa. Sai na ɗauki guntun kasko na sa a tsakiyar faifai, na ce kai ne Alhaji Ƙanƙamo, mai awon hatsi, marowacin da ba a taɓa yin irinsa ba. Mutumin da ke kashe fitila in zai yi hamma, wai ba ya bukatar haske. Mutumin da ya kai ƙarar kazar maƙwabci don ta shaƙi ƙamshin dusarsa. Na ba shi tumbin wani mahauci na Korahane, na ba shi takalman wani ladan. Ya rage murya. Sai na tuna wani tari da na taɓa ji a kasuwar Kornaka.

Mai tarin sunansa Sha'aibu, igiya yake sayarwa, ta kaba da ta zaren buhu, irin wadda jaki ko raƙumi ke ja a rijiyoyinmu masu zurfi. Siriri ne, fuska a murtuke, ciniki da shi kamar cire ƙaya. In yana auna igiya da hannuwansa, gaba bayan gaba, yana ƙirgawa da ƙarfi, sai a tsakiya tari ya sarƙe shi, wani busasshen tari mai hawa uku da ɗan fito a ƙarshe, har mai saye ya kau da kai. Na ce a raina, wannan tarin wanda ba ya son rabuwa da kayansa ne. Na ɗauke shi, shi kaɗai, yadda Gwaggo ta ce. Duk lokacin da Alhaji Ƙanƙamo ke awo, sai in yi tarin nan a mikoro.

Ban taɓa yin labarin da ya karɓu kamarsa ba. Yara suna tarin a titi. Mace in mijinta ya rage cefane, sai ta yi masa tarin kawai ta wuce. A shekarar da ba abin dariya, mutane suna riƙe ciki.

Wata safiya ina tankaɗe aka yi sallama. Sha'aibu ne, da wani saurayi dogo a bayansa yana sunkuyar da kai. Na shimfiɗa musu tabarma, ya ƙi zama.

"Ke ce Delu ta radiyo?"

"Ni ce, Malam. An zo lahiya?"

"Lahiya ba ta kawo ni daga Kornaka da zahin ranar nan ba. Baiwar Allah, mi na yi miki?"

"Ban san ka yi mini komai ba."

"To ba ni tarina."

Na ce tari ai na kowa ne, kuma mutumina hatsi yake awo, yana da tumbi, shi kuwa ko tsokar da kare zai bi babu.

Ya ce, "Tumbi ba a jinsa a radiyo. Tari ake ji. Ba wanda ke kirana Sha'aibu yanzu, sai Ƙanƙamo, har limaminmu ya yi subutar baki. Wannan duk na haƙura. Laminu, gaya mata."

Saurayin ɗansa ne. Ya ce, "Inna, akwai yarinyar da muke son juna, Zuwaira. Mahaifinta ya yarda, an sa ranar kai goro. Sai kakarta, Hajo, ta ce ba da ita ba. Ta ce ba ta kai jikarta gidan da ake kashe fitila don hamma. Kuma a gidan nan in ta ce a'a, ba mai cewa i. Akwai wani ɗan mai shago da ya fara aiko da gaisuwa."

Sha'aibu ya ce, "Ki kashe Ƙanƙamon nan. Ki sa rumbu ya faɗo masa, ko ki ce ya tuba ya rabar da dukiya, ni dai a huta."

Na ce ba ko ɗaya. In na kashe Ƙanƙamo, sunan ya zauna a kan Sha'aibu har kabari, don ba sauran mai ɗauka sai shi. In kuma na sa Ƙanƙamo ya tuba rana ɗaya, ba taɓaryar da za ta tsaya, za a ce an ba Delu toshiya. Mutumin labari, in ka gina shi, ba ya yin abin da ka ga dama, sai abin da halinsa ya yarda. Wannan ku riƙe shi, ku masu sa mugu ya shiryu a shafin ƙarshe don kun gaji.

Ya ce, "To mi za ki yi?"

Na ce, "Zan zo kasuwa."

Ranar kasuwar Kornaka na ɗauki ɗan tallan kuka da daddawa, don zaman banza yana sa a lura da mutum, na zauna daura da rumfarsa. Ya harare ni, na harare shi. Wani Bafillace ya zo, ya faɗi tsawon da yake so. Suka yi ta ja-in-ja kan kuɗi har na ce za a doku. Aka daidaita. Sha'aibu ya jawo igiya ya fara aunawa yana ƙirga. Tari ya zo. Bafillace ya kau da kai, ni ma kaina ya fara juyawa, sai na ji kamar muryar Gwaggo a bayana tana tambayar da wane hannu. Na tsai da ido.

Bakinsa ya daina ƙirga, hannuwansa ba su daina ba. Cikin tarin nan ya buɗe su ya rufe har sau biyu, igiya ta wuce, sannan ya ɗora ƙirga daga inda ya tsaya. Na ce ko kuskure ne. Na jira na biyu, wani Buzu mai raƙumi, haka. Na uku, haka. Wanda ya zo sayen guntuwar igiyar ɗaure akuya kuwa, ko gyaran murya bai samu ba.

Da kasuwa ta fara watsewa na matsa. "Malam Sha'aibu, ƙirgarka ba ta da kyau."

Ya duba hagu da dama. "Rage murya, tsohuwar banza."

"Tsohuwar banza ta ga gaba biyu sun wuce ba a kira sunansu ba."

Ya yi tsaki. "Kowa ya zo, zurfin bara yake faɗa mini. Ni kuwa mutanen rijiya duka nan suke zama, na san ruwa ya gudu ƙasa. In na ce su ƙara, su ce ina son kuɗinsu. In na ce kyauta, wanga da kinka gani zai ce na raina shi, ya aje ya tahi. In 'yan uwana masu igiya sunka ji, su ce na ɓata kasuwa. Mutum ya yi tahiyar yini ya zura guga bai taɓa ruwa ba, igiyar wa za a zaga? Ba alheri ba ne, sunana nake tsaro. Kuma in kin faɗa, ban yafe ba."

Na ce, "Ni ban san wani Sha'aibu ba. Alhaji Ƙanƙamo na sani."

Na koma gida na shimfiɗa faifai. Na bi labarin tun daga farko, na tarar ban taɓa faɗin abin da hannun Ƙanƙamo ke yi lokacin tari ba, don ni ma ban sani ba. Ƙofa a buɗe take. Na ɗauko wuri guda na sa a gabansa, na ce ke kurma ce, mai share rumfar hatsi. Kowa yana jin tari ya kau da kai, ke ba ki ji, sai gani. Wannan ne karo na farko da na ɗauki abu biyu ga mutum guda. Na san Gwaggo tana kabari tana ƙwafa, amma danginsa sun riga sun biyo sawu.

Ban canza Ƙanƙamo ba ko kaɗan. A ranar ma sai da ya hana matarsa wanke tukunya wai za ta suɗe. Kawai na sa kurmar nan ta ja hannun wata gwauruwa da ta sayi hatsi, ta kai ta gefe, ta sa ta sake awo. Tiya ɗaya ta yi rara. Suka kira wata, ita ma haka. Kurma ta dafa ƙirjinta ta girgiza kafaɗa yadda mai tari ke yi, sannan ta nuna hannu yana zubawa. Da na gwada shi a bakin turmi, taɓarya uku suka tsaya tare. Ɗaya ta ce, "Kai, ɗan banzan tsoho, ashe haka yake!" tana share ido da bakin zane.

Ban ambaci igiya ba, ban ambaci Kornaka ba. Ba sai na yi ba. Mutanen da suka ɗora wa Sha'aibu rowar Ƙanƙamo ba da izinina ba, su ne za su ɗora masa sauran. Laminu ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Washegarin ranar da na faɗe shi a radiyo, da hantsi kaka Hajo ta sa aka kwanto igiyar gidansu daga bakin rijiya, wadda ɗanta ya saya wurin Sha'aibu, ta tara mutane, ta ce ita ba ta yarda da zancen radiyo, a auna a gabanta. Aka auna. Ta ce mai aunawar gajeren hannu gare shi, a kira dogo. Dogo ya auna, rara tana nan. Sai ta ce, "To fitilar fa?" Zuwaira daga cikin ɗaki ta ce, "Kaka, in ya kashe zan kunna." Aka kwashe da dariya, tsohuwa ta ce a kawo goron kafin ta sake shawara.

Na je bikin, ba a gayyace ni ba sai da na zo. Bayan an watse sai ga Sha'aibu da igiya sabuwa a kafaɗa, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa.

"Kin kashe ni, Delu. Yanzu ina awo ana tsaye ana kallon bakina. Jiya wani ya ce, 'Malam, ba ka yi tari ba.' Wani har barkono ya zo da shi yana busa mini. Masu igiya sun daina gaishe ni."

"An daina ce maka Ƙanƙamo?"

"Ina! Yanzu da shi ake mini kirari."

Ya sauke igiyar ya ce tukuici ne, gaba goma, kada in ce bai san mutunci ba. Ya auna a gabana yana ƙirgawa, bai yi tari ko sau ɗaya ba. Ni kuwa idona na kan hannu. Na ce, "Malam Sha'aibu, bakinka ya ce goma, hannunka tara ya yi."

Ya naɗe ta ya ɗora mini a cinya. "Ragowar ki cika da ƙarya, ai sana'arki ce."

Ga ta can a rataye kusa da ƙwaryar, ban taɓa zura ta a rijiya ba. Jikokinsa har yau in sun shigo Dakoro sai sun zo sun auna ta suna dariya.

Ke mai jan kallabi, ajiye wayar nan. Ga tulu can, je ki famfo. In kin dawo ina da tambaya.